Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Rubuta Sunayen Littattafanmu?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun karkata wuri guda, ko da yake masu su ba su san juna ba: ɗaya daga Marwa, ɗaya daga Njamena, ɗaya daga Ngaundere, sai wani gajeren saƙon waya daga Kusiri. Duk a kan rajistar littafi suke magana, wato aikin da na tsufa a cikinsa a nan Garwa, tun zamanin da muke buga kati da tafireta muna jera shi a aljihun katako. Na taƙaita wasiƙun saboda fili.

Baba, ni malamar firamare ce a Marwa. Na rubuta ƙaramin littafin tatsuniyoyi da Hausa da Fulatanci, na aika Kano aka buga mini. Da ya iso sai na ga wata doguwar lamba da zanen layuka a bayansa. Mai bugun ya ce ado ne, kowane littafi yana da ita. Wani yayana kuma ya ce doka ta tilasta mini in kai littafin Yawunde. Ina gaskiyar take?

'Yata, Allah ya sa wa wannan aiki albarka. Amma lambar nan ba ado ba ce, kuma ina tsoron ba taki ba ce. Wasu masu ɗab'i, ban ce duka ba, sukan kwafo lambar wani littafi su manna a bayan sabo don ya yi kama da na kanti. Ki rubuta lambar a intanet ki nema. Kada ki yi mamaki idan littafin kimiyya na wata ƙasa ya fito.

Sunanta ISBN. Da lambobi 10 ce, tun 1 ga Janairun 2007 ta koma 13, tana farawa da 978 ko 979. Abin da ke biye shi ne alamar ƙasa ko ta harshe. Ta Najeriya 978 ce, shi ya sa za ki ga littattafansu da 978 har sau biyu a jere. Ta Kamaru 9956. Lamba 2 ta masu buga littafi da Faransanci ce, kuma da ita littattafai da yawa na ƙasashenmu ke fitowa, saboda ofishin Paris yana ba mawallafan Afirka da ƙasarsu ba ta da ofishi. Daga nan sai lambar mawallafi, sai ta littafin, sai ƙwaya ɗaya ta ƙarshe mai gadin sauran. Tun da malama ce ke, ga aikin allo: ki ninka lamba ta farko da 1, ta biyu da 3, ta uku da 1, ta huɗu da 3, haka har ƙarshe, ki tara. In jimlar ba ta rabu da 10 ba saura, lambar ƙarya ce ko an yi kuskuren bugu.

Abin da mutane suka fi ruɗewa a kai shi ne, lambar tana bin mazaunin mawallafi ne, ba inda injin ya yi aiki ba. Ke kika biya, ke kika yanke shawarar fitar da shi, a Marwa kike zaune, saboda haka ke ce mawallafiya, mutumin Kano mai bugu ne kawai. Babbar hukumar ISBN tana Landan, kuma a shafinta na intanet akwai jerin ofisoshin kowace ƙasa da adireshinsu. Can za ki duba. In kika sake buga littafin da gyara mai yawa, ko kika fitar da shi don karantawa a waya, kowanne sai ya samu tasa lambar.

Yayanki kuma yana da gaskiya. Kamaru tana da dokar ajiyar kwafi ta shekarar 2000, wadda ta ɗora wa mai fitar da littafi ya ba hukuma kwafi don ajiya. Tsohuwar al'ada ce, sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya ya fara kafa ta a 1537. Najeriya tata dokar ta 1970 ce, kuma a can mawallafi mai zaman kansa kwafi uku yake bai wa laburaren ƙasa. Kafin ki kashe kuɗin mota da jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ki fara leƙa ofishin ma'aikatar al'adu na jiha a nan Marwa, su gaya miki yawan kwafin da hanyar aikawa. Ki karɓi rasit, ki adana.

Me hukuma za ta yi da littafin tatsuniya? Daga waɗannan kwafe-kwafen ake rubuta abin da muke kira kundin littattafan ƙasa, wato jerin duk abin da aka wallafa a ƙasar a shekara, kowanne da cikakken bayaninsa. Kin fi ni sanin halin yaron da ya kai aji shida, ga ƙoƙari ga ladabi, ranar rajistar jarrabawa a ce ba shi da takardar haihuwa. Yana nan a gabanki da ransa, amma a takarda babu shi. Haka littafin da bai shiga kundi ba yake. In kwafin da kika buga suka ƙare, gara ta ci wasu, damina ta jiƙa wasu, nan da shekara ashirin mai bincike a Jami'ar Marwa ba shi da hanyar sanin an taɓa rubuta shi.

Kuma maganar ta wuce Kamaru. Akwai ƙungiyar laburarorin duniya, IFLA, da aka kafa a 1927, hedikwatarta tana birnin Heg na ƙasar Holan. A shekarun 1970 ta fito da wani shiri mai sauƙin faɗa: kowace ƙasa ta ɗauki nauyin rubuta bayanin littattafan da aka wallafa a cikinta, sau ɗaya, da kyau, bisa ƙa'ida iri ɗaya, sauran duniya su kwafa daga gare ta. A 1977 aka yi babban taro a Paris tare da UNESCO a kan kundin ƙasa, aka sake wani a Kofanhegan a 1998. Cikin shawarwarinsu akwai wadda ta shafe ki kai tsaye: kundin ya ƙunshi abin da aka buga a dukkan harsuna da dukkan rubuce-rubucen da ake wallafa da su a ƙasar, kuma in da hali a rubuta bayanin da harufan asali. Ma'ana littafin Hausa da Fulatanci, na boko ko na ajami, haƙƙinsa ɗaya da na Faransanci da Ingilishi.

A takarda ke nan. A aikace, a ƙasashen Afirka da yawa kundin yakan makara da shekaru ko ya tsaya cak, babu kuɗi, babu ma'aikata, mawallafa ba sa kawo kwafi. Sai ka tarar laburaren wata jami'a a Amurka ko Jamus ya fi mu sanin abin da muka buga. Shi ya sa nake ba ki shawarar kada ki tsaya a kan hukuma kaɗai. Ki kai kwafi laburaren Jami'ar Marwa, ki aika Ngaundere, ki aika wa sashen Hausa na wata jami'a a Kano ko Maiduguri. In za ki sake bugawa kuma, ki tsaya a kan mai bugu har sai ya sa cikakken sunanki, da sunan gari, da shekara a shafin farko. Shekarar nan fa! Ƙananan littattafanmu da yawa ba sa ɗauke da ita, mai rajista ya yi ta duban farashi da launin takarda yana kintace.

Malam, ni ɗalibin tarihi ne a Njamena. Ina neman rubuce-rubucen Shehu Usmanu a kundayen intanet, amma kowane wuri da yadda ya rubuta sunansa, har na fara zaton mutane daban-daban ne. Haka ma wani masanin tarihin Kamaru da malaminmu ya ce mu karanta, ban same shi a jerin littattafan Kamaru ba. Laifin wa?

Ɗana, Shehu ɗaya ne, marubuta sunansa ne suka yi yawa. Bafaranshe ya rubuta Ousmane dan Fodio, Bature na Ingila Usman ko Uthman, masana Larabci su rubuta Usman bin Muhammad Fudi da ɗigogi sama da ƙasa, mu kuma mu ce Ɗanfodiyo. Kai ma duba ajinku. Wanda ake kira Mahamat a Cadi, in ya tsallaka gada zuwa Kusiri ya zama Mohamadou, in ya kai Maiduguri ya zama Muhammadu, a Damagaram Mamane. Malamin da ya raɗa masa suna abu ɗaya ya faɗa.

Maganin da ma'aikatan laburare suka samo shi ne rajistar sunayen marubuta, daban da ta littattafai. A zaɓi siffa ɗaya ta sunan, a haɗa da shekarar haihuwa da ta rasuwa, ga Shehu 1754 da 1817, sannan a jera duk sauran siffofin a ƙarƙashi, ta yadda ko da wacce ka nema za ta kai ka gida ɗaya. Tun 2003 manyan laburarori suka fara haɗa rajistocinsu a wani rumbu da ake kira VIAF, kyauta ne a intanet. Ka rubuta sunan Shehu a can, za ka ga yadda kowace ƙasa ta rubuta shi, har da na harufan Larabci, sai ka kwafi kowanne ka nema da shi. In kuma rubuce-rubucen yankinmu na Larabci kake so a jere, nemi juzu'i na biyu na aikin John Hunwick a kan adabin Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995, ya ƙunshi Sakkwato da Barno da maƙwabtansu.

Inda nake da ƙorafi shi ne nan. An gina kundayen nan a kan zaton kowa yana da sunan dangi da ake gadonsa. Mu ba haka muke ba. Akwai sunan yanka, sunan uba, sunan gari, laƙabi, ga Alhaji da Malam da Modibbo da Goni a gaba. Baƙon da bai sani ba sai ya ɗauki Garwa ko Kano ya mai da shi sunan dangi, ko ya jera mutane ashirin a ƙarƙashin Alhaji. Amma in za a yi adalci, ƙa'idar ba ta hana mu gyara ba. Taron Paris na 1961, wanda shi ne tushen tsarin rajista na zamani, cewa ya yi a bi al'adar ƙasar marubuci wajen zaɓen ɓangaren sunan da za a fara da shi, kuma IFLA tana da littafin da kowace ƙasa ke bayyana yadda sunayen mutanenta suke. In ba mu zauna mun rubuta namu ba, wanda ke Paris ko Washinton zai yi kintace, mu kuma mu zo mu kwafi kintacensa mu zuba a kwamfutocinmu.

Masanin da malaminku ya ambata, ina jin Eldridge Mohammadou ne, wanda ya bi lamidodin arewacin Kamaru yana tattara tarihinsu daga bakin dattawa, ya rasu a 2004. Dalilin da ba ka gan shi duka a wuri ɗaya ba shi ne, kundin ƙasa yana bin inda aka wallafa littafi. Nasa wasu a Yawunde suka fito, wasu a Faransa, wasu kuma a Tokiyo ta Japan. Tarihin Garwa da Rai Buba da Ngaundere sai ya watsu a kundayen ƙasa uku. Wasu ƙasashe sukan ƙara sashe na musamman don abin da 'ya'yansu suka wallafa a waje da abin da aka rubuta a kansu. A ganina mu wannan sashen ya zame mana dole, domin rabonmu a waje ya yi yawa. Kafin nan, ka nema a WorldCat, wato rumbun intanet da ya haɗa kundayen laburarori da yawa na duniya, da kundin laburaren ƙasar Faransa, sannan ka ɗauki sunayen ka je laburaren CEFOD da ke nan garinku ka tambaya.

Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar ɗaki cike da littattafai a Ngaundere, na bugu da na hannu. Mun yanke shawarar mai da shi waƙafi ga makarantar Islamiyyarmu. Wani yaro da ya yi karatu a Yawunde ya ce sai mun bi ƙa'idojin duniya. Ni kuwa na ce Risala da Ahalari ba sa bukatar ƙa'idar Nasara kafin a same su a kanta. Ka raba mu.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa littattafan su zame masa sadaka mai gudana. Allah gafarta malam, zan raba ku, amma ba wanda zai tafi da duka.

Da fari, jera sunayen littattafai ba Nasara ya fara ba. Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya rubuta Fihrist ɗinsa a wajen shekarar 987, yana lissafa marubuta da abin da suka rubuta. Shehu Abdullahi na Gwandu ma ya rubuta littafi musamman yana faɗin malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Wanda ya gaji wannan bai kamata ya ji ƙyamar rajista ba.

Abu biyu ne kuke cakuɗawa. Akwai jera littafi a kanta, akwai rubuta bayaninsa. A jeri, kai ke da gaskiya. Tsarin Dewey na ba littattafai lamba bisa fanni, wanda aka fito da shi a Amurka a 1876 kuma laburarori da yawa ke bi, ya tattara Musulunci gaba ɗaya a lamba 297, alhali Kiristanci ya baje daga 220 har 280 da wani abu. In ka bi shi, kusan duk ɗakin Malam lamba ɗaya zai ɗauka da dogon jela. Ka jera yadda almajirai suka saba nema: Alkur'ani da tafsiri, hadisi, fiƙihu, tauhidi, nahawu da luga, madahu, tarihi. Ka ba kowane fanni harafi, kowane littafi lamba. Wannan sha'anin cikin gida ne.

A bayani kuwa yaron ke da gaskiya, domin bayani shi ne ke fita waje. Ƙa'idar ana kiranta ISBD, ta fara fitowa a 1971, kuma ba wani abin tsoro ba ce. Jeri ne da ba ya canzawa: sunan littafi, mai shi, bugu na nawa, gari, maɗaba'a, shekara, yawan shafi, tsayi. A ce ga wani ɗan littafi a hannunka, haka za a rubuta:

Jagoran mai alwala : tambaya da amsa / Malam Wane. — Bugu na 2. — Kano : Maɗaba'a Kaza, 1420 [1999 ko 2000]. — Shafi 48 ; 21 cm.

Dubi alamomin. Duk abin da ya biyo karkatacciyar sanda, sunan mai littafi ne. Abin da ya biyo ɗigo biyu bayan sunan gari, maɗaba'a ce. Ba'indiye ko Bajamushen da bai san ko "sannu" ba zai gane wanne ne wanne. Shekarar hijira a rubuta ta yadda take a littafin, ta miladiyya a sa ta cikin baka mai kusurwa, domin duk abin da mai rajista ya ƙara daga kansa a nan ake sa shi. Tsayi da rula ake aunawa. Ka ga kamar wasa, amma shi da yawan shafi ke raba bugun Bairut da na Alƙahira da na Kano idan sunan ɗaya ne.

In za ku sa a kwamfuta, akwai manhajoji na kyauta kamar PMB da Koha, suna aiki da tsarin MARC da UNIMARC, wanda shi ne dai wannan bayanin an zuba shi gida-gida masu lamba don inji ya karanta. Akwai gidan harshe: Hausa "hau", Fulatanci "ful", Barbarci "kau", Larabci "ara". Ku kula da wannan gida ƙwarai. Waƙar Fulatanci ko ta Hausa da aka rubuta da ajami, wanda bai iya ba yana ganin harufan sai ya ce Larabci ce, shi ke nan ta ɓace a cikin dubban littattafan Larabci. Ku kuma tabbata kwamfutar tana rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. In babu wuta ko kuɗin kwamfuta, babban littafin rajista mai layi ya isa, a raba shafin gida takwas, ɗaya ga kowane ɓangare na jerin nan. Ranar da aka samu hali, kwafewa ce kawai.

Shawarata ta ƙarshe a kan inda za ku sa ƙarfinku. Risala da Muwaɗɗa bugun Bairut, an riga an rubuta bayaninsu a laburarori da yawa, yaron zai iya kwafowa cikin minti biyu. Ku fara da waɗanda ba kowa ke da su ba: takardun hannu da ke cikin gafaka, waƙoƙin wa'azi na modibbai, wasiƙu, ƙananan littattafan da aka buga a Kano ko Yola ba shekara. Na hannu a rubuta layin farko da na ƙarshe, da sunan wanda ya kwafa in ya sa, da yawan waraka. Kada a ɗinke su, kada a manna musu salatif, kada a sake jera warakar da ta rikice sai gaban wanda ya san karatun. Kuma ku yi haka tun almajiran Malam na farko suna raye, domin su ne za su dubi rubutu su ce wannan hannun wane ne.

Baba, ni ɗan kasuwa ne a Kusiri. Yanzu da komai yana waya, duk wannan wahalar ta mece ce?

Alhaji, wayar abin da aka zuba mata take nunawa. Gwada neman littattafan soyayyar nan na Kano da kake gani a tebur a kasuwa. Na shekarun 1987 zuwa 2002 ana iya gano da yawansu, saboda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun zauna sun jera su a wani kundi da aka buga a Jamus a 2004. Da dama daga cikinsu ba su da ISBN, ba su shiga kundin kowace ƙasa ba, da hannu aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai ka gwada neman wani ɗan littafin addu'o'i da aka buga a Kusiri ko Njamena shekara goma da suka wuce, ka aiko mini da abin da wayar ta ce. In kana sayar da littattafai a shagonka kuma, ka riƙa ware kwafi ɗaya na kowane sabo da aka buga a yankin nan, ka rubuta ranar da ya shigo a bangon ciki da fensir.